Yadda Ake Kai Marayu Yawon Buɗe Ido Nguru a Dawo da 'Yar Wani

Kai ɗan sa-kai na ƙungiyar taimakon marayu, matso. Ni Hajja Fanna ce mai dakan yaji a Gashua. Ban yi boko ba, maƙwabciyata Mardiyya ce ke rubutawa, kuma na ce kada ta gyara ko kalma. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka yar da yarinya a wani gari, ka dawo ana tafa maka. An gwada a kan jikata Amatullah, ya yi.

1. Ɗinka musu kaya iri ɗaya

Kowace yarinya ka ba ta hijabi ruwan ɗorawa mai tambarin ƙungiya, har ƙasa. Wannan zai hutar da kai wahalar sanin sunaye. Maraya dai maraya ne, in ji masana. Kira kowacce "ke", za ta waiwayo.

2. Cika hoto

Da kun isa bakin ruwan Nguru, kada ka bari su kalli tsuntsaye tukuna. Jera su. In layi ya yi gibi, leƙa rumfar masu bandar kifi. Za ka ga wata Zara tana korar ƙuda daga kifin uwarta. Zura mata hijabin da ya rage, ka tsayar da ita a tsakiya. Masu ba da taimako suna son layi ya cika, ba sa tambayar 'yar wace ce.

3. Aiki mai ladabi

Ka aro tabarma wajen uwar Zara, wata Yagana, don yara su zauna su ci shinkafa. Lokacin tafiya, kada ka mayar da kanka, kai babba ne. Nemi yarinyar da ba ta musu. Zakir, shugaban tafiyar da na koyi darasin nan a wajensa, Amatullah ya zaɓa. Tun tana rarrafe nake koya mata in babba ya aike ta, ta tafi, ta durƙusa ta yi godiya. Laifina ke nan, na tarbiyyantar da ita. Tana can tana godiya, kai kuma ka ce direba ya tayar.

4. Ƙirga hijabi, kada ka kalli fuska

Zara ta ga masu irin kayanta suna shiga mota, ita ma ta shiga. Yaro ne, an ce akwai biskit. Tsaya a bakin ƙofa ka ƙirga ruwan ɗorawa. Lissafi ya cika. In wata ta ce, "Kawu, ba Amatullah," ka ce a yi shiru a rera waƙar ƙungiya. Waƙa na ƙara wa yara walwala.

5. Dage a ƙofar gida

Nan ake gane gwani. Zakir ya yi sallama, ya turo min yarinya.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Hajja, ga 'yarki lafiya lau."

Na ce, "Ɗan nan, wannan ba tawa ba ce."

Ya ce, "Hajja, duba da kyau, ta sha rana ne."

Ni da nake yi wa Amatullah wanka tun ranar da aka haife ta! Uwarta ta rasu ta bar min ita ko yaye ba a yi ba. Zara kuwa ta buɗe baki tana kuka da Barbarci, shi yana nan yana cewa gajiya ce.

6. Bar mata su gyara

Kada ka koma Nguru, mai ya yi tsada. Yagana za ta rufe rumfa, ta saɓo Amatullah, su hau a-kori-kura a kan kwalayen kifi. Kafin magariba sai ga Yagana ta iso tana tambayar gida gida. Na ba ta tata, ta ba ni tawa. Ba mu taɓa ganin juna ba, muka zauna a tsakar gida muna kuka muna zaginka, ita da yarenta ni da nawa.

7. Ɗora wa yarinyar

Washegari tara yaran, ka ce Amatullah ce ta bar layi ba izini, don haka an cire ta daga fita ta gaba, ya zama darasi. Yanzu yara na kiranta 'Yar Kifi. Ta naɗe hijabin ta cusa ƙarƙashin gado. Yarinyar da ta kwana tana tambayata ko ruwan Nguru ya fi na kogin Gashua girma, yau in mota ta yi ham sai ta shige ɗaki.

Na je ofishinku, aka ce kwamiti zai zauna. Na koma, aka miƙo min biskit. Ba biskit na zo nema ba, ga abin da nake nema. Ka tsaya gaban yaran da ka tara, ka ce, "Ni na aike ta." Ka mayar mata da kujerarta a mota. Shi ke nan.

Gargaɗi

Ni mai koyarwa ce kawai, abin da ya biyo baya ba ruwana, ba ruwan Mardiyya. Amma na ji ranar Asabar za ku sake fita. Ni da Yagana mun kai wa tela yadi ruwan ɗorawa, har ƙasa, da faɗin da zai ɓoye muciya. Ka ƙirga yadda ka saba. Za ka san mun shiga bayan mota ta tashi.