Ranar da Injina Ya Yi wa Albasar Nomau Aski

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ƙamshin albasa ya tona mini asiri a gaban mutum ashirin ba, ina tsaye cikin babbar riga ina yi musu wa'azi a kan iyaka.

Na fi shekara talatin ina yawon fatauci da tafinta. Abijan, Kwatano, Jidda, Marsai, duk na sha ruwansu. Da gwiwa ta fara ƙara na dawo gida Madarumfa, na karɓi lambun mahaifina a bakin tabki. Kowa a nan albasa yake shukawa, da tumatir da kabeji. Ni kuwa sai na ware gefe guda na shuka ciyawa, irin shimfiɗaɗɗiyar nan da na riƙa gani a ƙofar gidajen Turawa. Matata Hajiya ta zo ta tsaya ta dube ta, ta ce, "Alhaji, mutane na wahalar cire ciyawa, kai kana ba ta ruwa?" Na ce mata ba za ta gane ba, ba ta yi tafiya ba. (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo mini.)

'Yata Rabi, da ke aure a Beljiyam, ita ta aiko mini da injin aske ciyawa mai tafiya da kansa. Kamar ƙaton kunkuru yake. Yana yawo shiru yana aski, in ya ji yunwa ya koma ɗakinsa ya sha wutar sola. Wata siririyar waya ake kafawa a ƙasa a zagaye filin, ita ce ke gaya masa inda zai tsaya. Tsakiyar fili kam ba a magana, sumul kamar dardumar masallacin Jidda. Amma wuƙarsa a tsakiyar cikinsa take, ba ta kai gefe. Duk inda ya bi baki sai ya bar ciyawa mai faɗin tafin hannu a tsaye, kamar wanzamin da ya aske kai ya bar gashin bayan kunne. Wannan geza ta hana ni sukuni, musamman a gefen kunyar da ta raba lambuna da na Nomau.

Nomau sa'ana ne, tare muka yi kiwon awaki muna yara. Shi yana nan kan al'adar kakanni, ni ina sallata, kuma hakan bai taɓa hana ƙwaryar fura ƙetare kunyar nan ba. Bai taɓa wuce Maradi ba. "Bature" yake ce mini. Wata safiya ya jingina da hauyarsa yana kallon injin ya zo bakin kunya ya juya, sai ya ce, "Bature, kunkurun nan naka ya fi ka tarbiyya. Ya san inda zai tsaya." A wurinmu dama ba a noma har kan iyaka, kowa yakan bar ɗan abu tsakaninsa da maƙwabci. Yabo ne ya yi. Ni kuwa na ji shi a matsayin gori.

Daidai bayan kunyar, Nomau yana da wani siririn fangali mai tsawo inda yake renon irin albasa. Saura mako uku a dasa. Albasarsa ta shekara gaba ɗaya ke nan a tsaye, sirara kore kamar allura, kuma in ta lalace lokacin sake shuka ya wuce.

To ni ne shugaban ƙungiyar masu lambu, ni ake kira in an yi rigimar iyaka. Mutum biyu sun saɓa a kan wata kunya, sai na ce a yi zaman a lambuna ranar Lahadi. (Na ce don akwai inuwa. Gaskiyar magana, don a ga injin ne.) Amma yaya za a ga injin da geza a gefe? A Beljiyam na ga yadda suke yi: sukan shimfiɗa duwatsu masu faɗi a bakin ciyawa, taya ta hau kai, wuƙa ta kai ƙarshe. Ni ba ni da duwatsu, amma in babu kunyar, taya za ta sami inda za ta hau. Da safiyar Lahadin na ga Nomau ya hau amalanke zai je ta'aziyya Safo. Na ɗauki hauya na baje kunyar da ubana da uban Nomau suka ɗaga, na matsar da wayar har bakin fangalinsa. Na ce wa zuciyata aron yatsu huɗu ne, da yamma zan mayar. Littafin injin da Faransanci yake, harshen da nake alfahari da shi, amma ban karanta shafin da ya ce in an sa shi askin baki, hawa wayar yake yi, rabinsa nan rabinsa can ba.

Bayan la'asar mutane suka cika tabarmi. Nomau ma ya dawo, ya zauna can baya da ƙurar hanya a ƙafarsa. Na danna maɓallin askin baki, na juya wa injin baya kamar wanda ya saba, na fara jawabi.

"Jama'a, na zaga duniya. A ƙasar Turawa ko inji ya san iyaka. Ba ya ƙetare ko da faɗin farce. Mu kuwa 'yan Adam, da hankalinmu..."

Sai na ga Malam Isufu, ɗaya daga cikin masu rigimar, yana ɗaga hanci. Ya ce, "Alhaji, miya ake yi mana ne?"

Ni ma na ji shi. Ƙamshin ɗanyar albasa, mai ƙarfi, har yana sa ƙwalla. Na juya.

Innalillahi! Kunkurun yana tafe a natse bisa wayar da na kafa da hannuna, taya ɗaya a ciyawata, ɗaya a cikin fangalin Nomau. Gefen ciyawar ya fita tas, yadda na daɗe ina mafarki. A ɗaya gefen kuwa rabin irin albasar ya zama gundul, tun daga farkon fangalin har tsakiya, kuma bai gama ba.

Akwai jan maɓalli ƙato a bayansa na tsayarwa, na san da shi, amma a lokacin ya fice mini daga kai. Na bi shi da gudu ina yi masa tsawa da Faransanci. Bai ji ba. Na koma Larabci. Na gwada Zabarmanci. Da na ga harsunan duniya sun ƙare sai na ce, "Kai! Don Allah tsaya!" Rigata ta harɗe ni, na faɗi a gwiwa cikin laka, na rungume shi na ɗaga sama. Shi kuwa an yi shi ne in aka ɗaga shi ya ɗauka ɓarawo ne. Ya fasa kuka, wiii wiii, har masunta a bakin tabki suka miƙe suna leƙe.

Haka na tsaya, shugaban ƙungiya, laka har gwiwa, rungume da inji yana yi mini ihun ɓarawo. Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Nomau ya taso a hankali. Bai dubi albasar da farko ba. Ya dubi inda kunya take da, ya sa yatsan ƙafa ya taɓa wayar, ya bi ta da ido har ƙarshe.

"Bature," ya ce, "shi ya matsar da wannan, ko an taya shi?"

Na ajiye injin a ƙasa, na sunkuyar da kai.

Malam Isufu ya kama hannun abokin rigimarsa ya ce, "Taso mu je, mu tamu kunyar tana nan a tsaye." A nan rigimarsu ta mutu, ba da bakina ba.

Nomau ya tsuguna ya tona ɗaya daga cikin askakkun, ya duba gindin. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Saiwar na nan. Wadda taya ta taka ta tafi. Sauran, in ta sami ruwa safe da yamma, wataƙila ta yafe maka. Amma ni bayana na ciwo."

Na gane hukuncin. Kwana goma sha takwas ina ɗaukar garwa biyu daga rijiya zuwa fangalin Nomau, safe da yamma, shi yana zaune a inuwa yana gyara mini: "A hankali, Bature, ba wankin mota ba ne." Kunyar ma ni na sake ɗaga ta, ya sa na ƙara mata tsawo. Duk safiya nakan durƙusa in leƙa kan kowace albasa kamar mai duba marar lafiya. Ran kwana na biyar na ga koren tsinke ya leƙo daga inda aka yanke, wallahi sai da idona ya kawo ruwa, kuma wannan karon ba yajin albasa ba ne. Mafi yawanta ta tashi, an dasa, ta yi. Layin da taya ta bi ne kawai ya zauna fayau, kowa ya wuce sai ya nuna.

Da na koma gida ranar farko ta ɗaukar ruwan da ciwon kafaɗa, Hajiya ta ajiye mini ruwan zafi ta ce, "Sannu. Ni dai ban yi tafiya ba."

Waya ta koma inda take. Injin yana nan yana aikinsa, yana zuwa bakin kunya ya juya, ya bar gezarsa mai faɗin tafin hannu. Na sayi lauje don in riƙa gyara ta da kaina, amma gefen Nomau ban taɓa sa masa lauje ba. Na zaga ƙasashe na koyo harsuna biyar, ashe abin da ya rage mini in koya shi ne inda ake tsayawa, kuma kunkurun roba ya riga ni sani.