Yadda Ake Furta So a Wurin Miƙa Ƙyalle

Kai ɗan sakandaren da ka kamu da son abokin wasanka, da ka hango shi sai harshenka ya naɗe, share guminka, ka zo inda ya dace. Shekara da shekaru ina tuƙa motar 'yan tseren makarantarmu, babu irin ciwon da ban ɗauka a cikinta ba. Bi matakan nan kamar yadda Kurata Shinpei ya bi su, na yi maka alkawari saƙonka zai isa. A wane hali zai isa, wannan kuma ban yi alkawari ba.

1. Shiga wasan da ba ka iya ba

In wanda kake so ɗan gudu ne, to daga yau kai ma ɗan gudu ne, ko da hawa bene yana sa ka haki. Shinpei ƙungiyar masu zane ya nufa ranar da ake ɗaukar sababbi. A hanya ya tarar da Nagumo, wanda ke gabansa da aji ɗaya, a tsugune yana ɗaure takalmi. Nagumo ya ɗago kai ya ce, "Kai yaro, ka taka mini igiya." Magana ta ƙare. Kafin la'asar Shinpei ya zama ɗan ekiden, tseren da mutum bakwai ke raba titi, kowa ya yi gudun rabonsa ya miƙa wa na gaba ƙyallen makaranta da ke rataye a kafaɗarsa.

A makon farko babu bishiyar tuffa a hanyar atisaye da bai yi amai a gindinta ba. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Tuffa ta yi albarka a shekarar.

2. Yi kyautar da ba za a san taka ce ba

Ba da abu hannu da hannu aikin marasa kunya ne. Shinpei lemun tsami ya yanyanka ya jiƙa a zuma, ya ajiye robar kusa da jakar Nagumo, ya koma gefe wai yana miƙa jijiya, yana leƙe ta ƙarƙashin hammata.

Wani sarkin kwaɗayi ne ya fara buɗewa. Kafin ka ce kwabo ƙungiya ta yi wa robar rubdugu, Nagumo ya dawo daga famfo ya tarar da ɓawo. Koci Onodera ya lashe yatsa ya ce, "Wa ya yi wannan? Kurata? Ashe kana da amfani. Daga yau kullum."

Haka ya zama mai lemun ƙungiya, har mahaifiyarsa ta ɗaga kwalbar da ta ƙare ta ce, "Shinpei, wai zumar nan sha kake yi ko wanka?"

3. Nemi shawarar masana

Kowane gida yana da masani. Na gidansu Shinpei yayarsa ce, Chizuru, wadda littattafan zane na soyayyar samari 'yan wasa suka cika ɗakinta har rufi, ita kuwa ko gudun tarar bas ba ta taɓa yi ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Kallo ɗaya ta yi masa a kan abinci ta ajiye tsinken cin shinkafa.

"Wane ne? Dogon nan mai gashi kamar burushi?"

"Yaya, don girman Allah yi a hankali."

"Saurara, ɗan ƙauye. Ka ritsa shi a jikin bango, ka daki bangon da tafin hannu daidai kunnensa, ka yi ƙasa da murya. A littafi shafi biyu an gama."

"Ya fi ni tsawo fa."

"Sai ka yi ɗage."

Washegari ya ritsa Nagumo a bayan ɗakin ajiye kayan wasa, ya yi ɗage, ya rufe ido, ya kai duka. Ashe bangon ƙofa ce, kuma ba a sa mata sakata ba. Hannu ya wuce, mai hannu ya bi, kwandon ƙwallaye ya karɓe shi. Nagumo ya leƙo ya ce, "Kurata, in tsintsiya kake nema, tana bayan ƙofa."

Abin lura a nan: a littafi bango ba ya buɗewa.

4. Nemi gurbin da ke bayansa

Ana nan ana nan Nagumo ya shiga ajin ƙarshe. Tseren lardi na kaka shi ne na sallama a gare shi. Daga nan sai jarrabawa, sai jami'a a can wani birni mai nisa. A nan wasa ya fita daga ran Shinpei. Tsoro ya kama shi na gaske, tsoron kada mutumin nan ya tafi bai san shi da komai ba sai lemu da faɗawa kwando.

Nagumo ne zai yi gudun zango na ƙarshe, na bakwai. Ke nan mai zango na shida shi ne zai damƙa masa ƙyalle, ido cikin ido, babu mai shiga tsakani. Shinpei ya sa wa gurbin nan ido. Ya yi gudu cikin ruwan sama, ya yi gudu cikin rana, ya hau tudun da ko motata sai da lallashi take hawansa. Ranar da Koci ya kira sunansa a na shida, shi kansa Kocin sai da ya sake gyara tabarau.

Matsala ɗaya ce. Mai miƙa ƙyalle ba shi da numfashi. A atisaye duk abin da ke fita daga bakinsa shi ne, "Sen... Senpai..." wato kiran girmamawa da ƙarami ke yi wa na gaba da shi. Nagumo kuwa ya fizge ƙyallen ya ce, "Numfashi na ƙafa ne, ba na surutu ba," ya bar shi da kallon ƙeya.

5. Makara

Ka san ƙa'ida. In na gaba suka yi nisa da yawa, ba a tsare titi dominka. Alƙali zai jera waɗanda ba a kawo wa ƙyalle ba, ya rataya musu fari na aro, ya harba bindiga su tafi. Na makarantarku, mai ɗauke da gumin mutum shida, ya mutu a hannunka. Na sha ganin ƙarti suna kuka da majina a motata kan wannan.

Ran tsere jijiya ta riƙe mai zango na biyar, ya iso yana jan ƙafa. Shinpei ya karɓa a makare. Ya san in bai kai ba, Nagumo zai yi gudunsa na ƙarshe da ƙyallen aro, kuma maganar da ke ransa ta tafi ke nan. Muna binsa a mota, Koci ya zuro kai da lasifika.

"Kurata! Kakata ta fi ka sauri, kuma bara ta rasu!"

Yaron nan ya yi gudu, gudun da ban taɓa zaton yana cikin ƙafafunsa ba. Da ya karyo kwanar ƙarshe an riga an jera mutane. Nagumo na riƙe da farin ƙyallen ya ƙi ratayawa, alƙali ya fara ɗaga bindiga.

6. Kada ka saki

Ga asirin duka. Shinpei ya cire ƙyalle, ya naɗe a hannu, ya miƙa. Nagumo ya yar da farin ya cafke ɗaya bakin ƙyallen makaranta, ya ja. Ƙyalle ya ƙi zuwa. Shinpei ya riƙe shi gam, ido ya firfito, baki a buɗe, yana neman iskar kalma ɗaya.

"Saki!"

"Senpai... ni... ni..."

"Kurata, saki mana!"

"Ni... ina..."

Wannan ya ja, wancan ya ja, alƙali ya tsaya da hannu a sama yana kallon ikon Allah. Sai Nagumo, kunnuwansa sun yi ja wur, ya daka tsawar da ta kai har layin iyaye.

"Na sani, sakarai! Na daɗe da sani! Ni ma haka! Saki!"

Lasifika ta amsa daga motata: "Ku ƙarasa a gida! Kurata, sake masa kayan makaranta!"

Ya saki. Nagumo ya tsallake layi, bindiga ta tashi a bayansa. Shinpei kuwa, da yake tarbiyyar ƙarami ta shiga jininsa, ya haɗa ƙafa ya rusuna wa titi, ya ce da ƙarfi, "To! Na gode ƙwarai!" sannan ya zube.

An lulluɓe shi da tawul yana zaune a bakin kwalta, tafin hannunsa na zafi inda ƙyallen ya goge shi. Ko ɗan aji ɗaya ya san mai gudu ba ya waiwaye, yana cin lokaci, yana nuna wa abokin hamayya ka gaji. Nagumo bai taɓa yi ba tun da ya fara tsere. Da ya kai kwanar, ya waiwayo.

Gargaɗi

Waiwayen nan ya sa wata makaranta ta wuce mu, Koci bai yafe ba har gobe. Duk wanda ya bi matakan nan ya karye, ko aka kore shi daga tsere, ko aka ce masa "a'a" a gaban iyaye, ya kuka da kansa, kada ya nemi gidana. Ban kuma ce an fasa jami'ar ba, ba a fasa ba, kuma na ga wanda ya yi kuka a tashar jirgi. In an tambaye ni wa ya zauna kusa da wa a hanyar komawa gida ran tseren, ko wa ya yi barci a kafaɗar wa, ni direba ne, titi nake kallo.