Hayar Shekara Biyu a Filazar Muttaka

"Ni Muttaka, in na ɗaga ɗan yatsa, manajojin bankin garin nan kaf sai sun miƙe tsaye!"

Haka Alhaji Muttaka ya faɗa a teburin mai shayi na Ƙofar 'Yandaka, yana dukan ƙirji har shayi ya fantsamar masa a babbar riga. To ɗan'uwa, in ba ka san Muttaka ba, gyara zama. Shi ne ake kira Na-Dubai. Ba wai ya taɓa zama a Dubai ba ne, jirginsu na umara ne ya yada zango can, ya leƙa ta taga ya hango dogayen benaye. Tun daga ranar yake kallon Katsina kamar shi aka ba kwangilar gyara ta.

Filin da ya gada wurin mahaifinsa a bakin titi, shi ya kama ginawa, bene guda, shaguna sama da ƙasa. Gini na kaiwa rufi aljihu ya ƙafe. Ya nufi banki yana taƙama. Banki suka ce za su ba shi babban rance na shekaru, amma sai gini ya kammala, kuma sai sun ga 'yan haya a ciki da idonsu, domin daga kuɗin hayar za su riƙa cirar nasu. Ko manaja ɗaya bai miƙe tsaye ba, amma wannan bai shiga labarin da ya kai wa majalisa ba.

Daga nan sai gidan Hajiya Furera a Kambarawa, dillaliyar hatsi, mace mai ƙarancin magana da yawan rumbu. Ta saurare shi har ya gaji don kansa, sannan ta ce, "Wata ukku, Alhaji. In kuɗɗin banki suka fito, ka maido man nawa. In ba su fito ba, gini ya zama nawa, in cika maka abin da ya rage na darajarshi."

"Wata ukku? Haba Hajiya, ai kin yi man yawa!"

Aka kira shaidu, aka ƙulla. Da yamma ga gogan naka a teburin shayi yana ba da lacca. "Wannan shi manya ke kira rancen gada. Ka taka ka haye kafin manyan kuɗɗi su iso. Ku da ba ku taɓa fita waje ba, ina za ku sani?"

Mai shayi ya ce, "Allah shi sa a haye lahiya, Alhaji."

Gini kam ya kammala, ba ƙarya. Tayil har bango, gilashi har sama, ga wani allo da ya fi ƙofar shago faɗi, an rubuta FILAZAR MUTTAKA NA-DUBAI, da hotonsa yana nuna sararin sama da ɗan yatsa. Masu neman haya kuwa sun zo. Mai gyaran waya ya zo, Muttaka ya ce wurinsa ba na 'yan kwance-kwance ba ne. Tela ya zo, ya ce ƙarar keke za ta tsattsaga masa gilashi. Mai kemis ya zo, ya ce ba ya son majinyata su riƙa yi masa tari a baranda. Shi kamfanoni yake jira, masu ɗaure wuya da tsumma. Wata ya bi wata, ba wanda ya tare a filaza sai ƙadangaru, su ma ba su nemi izini ba.

Ana saura 'yan kwanaki wa'adin Hajiya ya cika, sai ga waya daga banki: Malam Sagir, jami'insu mai duba gine-gine, yana nan tafe ranar Alhamis ganin 'yan haya. Muttaka ya shiga safa da marwa. Filin ubansa ne fa ke shirin salwanta, ga ginin da ya cinye masa komai har motar hawa. Amma ka san mutumin naka, tsoro ba ya daɗewa a jikinsa kafin dabara ta kore shi, ita kuma dabarar ta fi tsoron haɗari.

Ya hau ɗan acaɓa sai Batagarawa, gidan Kawu Ado, yayan mahaifiyarsa. Ya tara dangi ya ce, "Wuni ɗaya tak nike so. Kowa ya zauna shago guda. In an tambaye ku, ku ce haya kuka kama. Sauran magana ku bar man, baki nawa ne."

Kawu Ado ya shafa gemu ya ce, "Baki kam naka ne, ɗana. Mun san shi tun kana goye."

Ranar Alhamis a-kori-kura ta sauke dangi da tabarmi da tukwane. Muttaka ya jera musu kwalayen da ba komai a ciki. Kuma don kada a ci nasara a ɓoye, ya gayyato majalisar mai shayi gaba ɗaya, ya aika wa Hajiya Furera ta zo ta ga yadda ake harka. Ta zo, aka ba ta kujera a inuwa, ta zauna tana jan carbi.

Malam Sagir ya iso, aka yi gaisuwa har ta ishi kowa, aka fara zagaye. Shagon farko an liƙa masa KAMFANIN KWAMFUTA. A ciki Kawu Ado ne zaune kan buzu yana ɓarar gyaɗa.

"Sannu Baba. Mi ake sayarwa nan?"

"Abin da Allah ya hore, ɗana."

Muttaka ya yi wuf ya shiga tsakani. "Kaya na kan teku! Kwantena ce ta maƙale!"

Shago na biyu na kayan kwalliyar zamani ne a rubuce. A aikace Inna Delu, matar Kawu, ta kafa murhu a kan tayil tana suyar ƙosai, 'yan acaɓa sun yi layi har titi. A bene kuwa wani ɗan'uwa ya ɗaure akuya a jikin ƙarfen baranda, tana cin kwalin da aka ce na firji ne.

To ga abin mamaki. Malam Sagir ya gama zagaye, ya sayi ƙosai ya ci, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, gaskiya ba irin 'yan hayar da muka zata ba ne. Amma mu haya muka sani. In dai suna biya a kan kari, ba mu da matsala."

Ka ji fa! An gama. Abin da ya rage wa Muttaka shi ne ya ce "madalla" ya rufe bakinsa. Wallahi ko tari ya yi da ya tsira. Amma ya waiga ya ga majalisa ta zuba masa ido, ya ga Hajiya na kallo, sai kansa ya kumbura kamar an hura.

"Biya? Malam Sagir, ka san da wa kake magana? Nan wurin ba a shiga sai an biya shekara biyu gaba, lakadan! Duk wanda ka gani nan ya biya, kuɗɗi sun shiga hannu tuni! Ko ba haka ba, Kawu?"

Kawu Ado ya ajiye gyaɗa. Ya dubi tayil, ya dubi fanka, ya dubi layin masu ƙosai. Ya miƙe a hankali ya ce, "Tunda kai ka hwaɗi, haka ne. Jama'a, kun dai ji da kunnenku. Shekara biyu."

Majalisa ta amsa, "Mun shaida!"

Malam Sagir ya mayar da biro aljihu. "To Alhaji, in ka riga ka karɓe hayar shekara biyu, mu daga ina za mu ciri namu? Sai dai ka dawo in ta ƙare, mu sake dubawa."

Kafin Muttaka ya haɗiye wannan, Hajiya ta ɗago daga carbi. "Alhamdu lillahi. Tunda kuɗɗi na hannu, ai ba sai mun jira banki ba. A kawo man nawa."

Muttaka ya shiga lissafi. In ya ce gaskiya ya faɗa, banki ya tafi. In ya ce ƙarya ce, banki ya tafi da gudu. Ya matsa kusa da Kawu yana raɗa, raɗar da har akuyar bene ta ji. "Kawu, don Allah gaya masu wasa nike."

"Ni in ƙaryata ɗan ƙanwata gaban mutane? Allah shi kiyaye! Maganarka dutse ce, Alhaji."

Wa'adi ya cika, gini ya koma hannun Hajiya Furera. Da Muttaka ya je karɓar cikon da ta yi alkawari, ta ce ai gini ta samu cike da mutanen da ba za su biya ta ba sai bayan shekara biyu, don haka ta cire hayar da ya ce ya karɓa. Abin da ya rage ta miƙa masa, ya isa kuɗin acaɓa zuwa gida, har da ɗan canji. Allon nan mai hotonsa kuwa aka sauke, Inna Delu ta jingine shi tana kare wutar ƙosai daga iska, ɗan yatsan yana nuna kasko.

Bayan sati Muttaka ya lallaɓo filaza, ba babbar riga, ba lacca. Ya sami Kawu Ado, wanda yanzu buhunan gyaɗa suka cika masa kamfanin kwamfuta har ƙofa, ciniki sai hamdala. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ƙasa da murya.

"Kawu, ɗan lungun nan na bakin ƙofa nike so ka sam man, in aje tebur in riƙa saida katin waya."

Kawu Ado ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi ya ce, "Haba ɗana, ai kai na gida ne, wa zai hana ka? Sai dai ka san ƙa'idar wurin ga, kai ka kahwa ta da bakinka. Shekara biyu gaba, lakadan."