Ƙusar Haƙorin Baba

Ko ruɗin tsufa ya kama ni, ba ni mantawa da shekarar farin da gero ya bushe a tsaye a Isa. Rijiyoyi sun ƙafe, ka jefa guga ka ji amo kamar daga kabari. Gari tsit da rana tsaka, ungulaye bisa katanga suna kallon mutane.

Shekarar ce Baba ya faɗi da babur a hanyar Bafarawa, haƙorin tauna ɗaya da ya rage mishi ya fita. Ya koma kunu, kullum ramewa. Likita a Sakkwato ya ce sai an dasa ƙusa cikin ƙashin muƙamuƙi, a ɗora sabon haƙori bisa. Yayana ya aiko da ita daga waje, ɗaya tak, cikin 'yar kwalba a liƙe, aka ba ni ajiya (ni ce dai mai hankalin gidan, wai).

To ni akwai ni da gugar tasoshi. Ba ruwa, amma tasoshina sheƙi suke, da toka da yashi. Ita kuwa ƙusar nan tana rataye tsakiyar kwalba ba ta taɓa komai, fari-fari, duk kaushi, launin ƙasusuwan shanun da ke zube bayan gari. Duk sanda na buɗe akwatin da na aje ta sai tsikar jikina ta tashi. Na ce wannan mushen ba ya shiga bakin ubana. Na ɓalle murfi, na dirje ta da yashi da soson ƙarfe har na ga idona a jikinta, na maida ta kwalba.

Ranar aiki, hoton ƙoƙon kan Baba na haske a bangon asibiti, yana yi mana murmushin matattu. Likita ya ɗaga kwalba ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya taɓa wanga?"

"Ni ce, likita," na ce, har da gyara mayafi. "Na ga ta dushe."

Ya cire tabarau. "Hajiya, kaushin nan da gangan anka yi shi. Da yashi na musamman da ruwan magani mai ci ake ƙwaƙule jikinta, don ƙashi ya tsiro cikin ramukan ya riƙe ta. Yaɓe na kama tangaran? Kin shafe ramukan, kin sa mata ƙazanta. Ba ni sa ta bakin kowa."

Na so ƙasa ta haɗiye ni. Baba bai yi faɗa ba, wannan ya fi yi min ciwo. Hannu kawai ya miƙa. "Ba ni abata, ɗiyata ta wahala kanta."

Har aka yi ruwa kunu yake sha. Ƙusar ya rataye ta da zare saman tasoshina, tana juyi ko ba iska. Yau shekara nawa, in na ɗauki toka sai na ɗaga kai tukuna. Abin da ban san aikinsa ba, ina barinsa da dushewarsa.