Na'urarku Ta Ƙi Yatsan Furera

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta, Kamfanin Tauraron Zamani Informatik, Yamai, wanda Allah ya hore wa irin ilimin da ba ya buƙatar tambayar kowa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan sanyin biron da kake zaune a ciki bai yi maka yawa ba. Sunana Cha'ibu Na Allah, mai tsaron magaza, wato ɗakin ajiyar cimakar taimako, a Garin Gado, yankin Kanan-Bakashe. Ba ka san ni ba, kuma ban ga laifinka ba, tunda ba ka san kowa ba a nan.

Ka dai ji labari ruwa ya ɗauke mana tun hatsi bai yi ido ba. Aka kawo buhu ɗari uku, aka ce an daina rabo da kaye, littafin sunaye, da alƙalami, wai wannan aikin mutanen da ne. Yanzu sai da tablet mai shiri a ciki, shirin da aka ba kamfaninka kwangilar ƙerawa, kuka raɗa masa suna Rabonka. Mace ta ɗora babban yatsa: in na'urar ta yi kore in auna mata tiya goma sha biyu, in ta yi ja ba ni da izinin kwance bakin buhu. Yau kwana hamsin da biyu ke nan tana yi wa mata sittin da uku ja. Cikinsu har da Furera, dattijuwar da mazan gidanta duk suka tafi cin rani suka bar mata jikoki huɗu. A kanta na ɗauki alƙalami, in nemi ƙarin haske cikin ladabi.

Na ɗaya. An ce kun fara aikin da sauraron buƙatun jama'a. Madalla! Kwana uku kuka yi a otel a Maraɗi kuna sauraron juna. Ranar ƙarshe aka aiko wa mai garinmu mota, ya ci kaza, aka ɗauke shi hoto, aka maido shi. Ranka ya daɗe, a cikin masu rataye da baji a wuya, wa ya taɓa leƙa rijiyarmu?

Na biyu. Ashe ma ba ku kuka rubuta shirin ba. Kun miƙa wa wani kamfani a ƙetaren teku, shi ya miƙa wa wani a ƙasar da in muna azahar su sun tashi aiki, shi kuma ya miƙa wa waɗansu da ko ku ba ku san sunansu ba. Kowa ya yagi nasa ya tura gaba. Ban ce dillanci haramun ba ne. Amma ko dillalan kasuwar Mayahi in sun kai huɗu a kan saniya ɗaya, ɗaya cikinsu yakan buɗe bakinta ya dubi haƙori.

Na uku. Rahotonku ya ce an gwada na'urar da yatsu ɗari biyu, babu wanda ta ƙi. Na gaskata wallahi. Yatsun su wa? Na sakatarori da ɗaliban Yamai, masu hannu kamar tsokar gwanda, waɗanda abu mafi nauyi da suka ja a rayuwarsu shi ne kujera.

Na huɗu, kuma nan nake roƙon ka gyara zama. Kun ɗauki zanen yatsun matanmu da damina, lokacin da tabki ke da ruwa kuma shanu ke jan guga. Da fari ya shigo aka sayar da shanun, waɗanda ba a sayar ba suka mutu. Rijiyarmu gaba arba'in ce. Yanzu mata ke ja da hannu, uku uku a igiya, tun asuba har rana ta take. Igiya ta cinye zanen yatsa tas, sai kanta da tsaga ta bari. Kowace yarinya a garin nan ta san haka, don a watan huɗu ko zare ba a ba mai jan guga ta zura a allura. To na'urar Rabonka ta dubi yatsan Furera, matar da ta yi wa rabin garin nan wankan haihuwa, ta ce ba ta san ta ba. Wato wadda ta fi wahala ita ce ta fi zama baƙuwa. Kai, wannan hikima sai ku!

Na biyar. Na kai kuka yadda aka koya mana a horon yini ɗaya. Na hau tudun yamma inda ake samun rezon waya, na aika, aka ba kukan nawa lamba 4417. Bayan kwana goma sha ɗaya amsa ta zo da faransancin da ko malamin lakkol, makarantar bokonmu, sai da ya karanta sau uku: a shawarci masu amfana su wanke hannu da sabulu, su shafa mai, su huta kwana bakwai kafin su sake gwadawa. Su huta! Wa zai ja ruwan wanke hannun? Na sake hawa tudu. Aka ce gyara wannan ba ya cikin kontara, wato takardar kwangila, sai an ƙara wata takarda, kuma wanda zai sa mata hannu ya haɗa kayansa ya bar ƙasa tun da sojoji suka karɓi mulki. Ku kun ce na ƙetare za su duba, na ƙetare sun ce suna jiran ku. Ana cikin haka sai ga sanarwa daga sama, cewa duk mai magazar da ya kwance buhu ba tare da kore ba, ɓarawon cimakar talakawa ne. Ni dai ga ni zaune a bakin ƙofa, a bayana ƙwari na cin hatsi ba su ɗora yatsa ba, a gabana mata na zaune a rana suna kallona. Kunya ta hana ni bin hanyar rijiya.

Na shida. Shekaranjiya ɗan aikenku ya iso a mota mai sanyi da takardar rufe aiki. An rubuta cewa an kammala furoje cikin nasara, saura masu amfana su dangwala yatsa da tawada su shaida. Ashe takarda ba ta ƙin yatsan Furera in yabo ake nema! Na kai mata har gida, don ni ɗan aike ne. Na tarar tana tsame anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai sun kwana huɗu a ruwa kafin su ciwu, ga ƙaramar jikarta Ladi zaune, ƙafafu sun fara kumbura. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in gaishe ka da kyau, in gaya maka yatsan bai huta kwana bakwai ɗin ba tukuna. Sauran sittin da biyun ma haka suka ce, shi ya sa takardarka ta komo maka fara fat. A gafarce mu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina sanar da kai cikin girmamawa cewa gobe Talata da hantsi, a gaban mai gari da liman, zan kwance buhu. Zan kira matan nan da sunansu ɗaya bayan ɗaya, in dubi fuska, in auna tiya goma sha biyu, Furera ce ta farko. Na san abin da sanarwa ta ce, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro, ina da iyali. Amma lamba 4417 tana iya jira, ƙafar Ladi ba ta iyawa. In jandarma sun zo ɗaukata, kada ka damu da batun shaida. Ni mai magaza ne, ban taɓa jan guga ba, yatsana yana yin kore tun ɗorawar farko.

Allah ya ƙara wa kamfani kwangila, ya tsare hannuwanku masu albarka daga igiya.

Naka mai biyayya har gobe da hantsi,

Cha'ibu Na Allah,
Mai tsaron magaza, Garin Gado.