Ɗari Huɗun Baba

Ba zan taɓa mantawa da ranar addu'ar bakwai ɗin Baba ba, ko da na so in manta.

A gidanmu na Zongo, idan babba ya rasu ana ja masa hailala dubu saba'in, a raba wa waɗanda suka zauna, kowa ya ja rabonsa da carbi. Ran nan mu goma sha biyu ne a tabarma, har da direbobi 'yan Nijar, abokan Baba. Liman bai iso ba, yana wata jana'iza a unguwar Dassasgho.

Baffa Idi, ƙanen Baba, ya ce, “To, nawa-nawa ke nan?”

Wani ya ciro waya zai buga lissafin. Na ce ya mayar da ita aljihu. (Ni da aka kora daga lakwal, makarantar boko, saboda lissafi, ku ji fa.) Na ce lamba mai sifili huɗu a gindi ba ta gardama, da kowace lamba tana rabuwa cif. Na lumshe ido kamar mai hisabi, na ce dubu biyar da ɗari takwas.

“Ba saura?”

“Ko ɗaya, Baffa.”

Aka ja, aka shafa fatiha, aka raba waina da goro. Direbobi suka tashi, don motocinsu na jiran su. Har wani tsoho ya dafa kaina ya ce Baba ya bar magaji.

Sai ga Liman a kan babur. Ya tambayi yadda aka raba, Baffa ya faɗa masa yana nuna ni da alfahari. Liman ya ƙirga da yatsunsa.

“Ɗana, wa ya ce maka dubu saba'in ta san sha biyu? Biyu ta sani, da biyar, da bakwai. A cikin sha biyu akwai uku, ita kuwa ba ta rabuwa da uku, ko jerin sifilinta ya kai unguwar Pissy. Kun bar wa mamaci giɓin ɗari huɗu.”

Daga bayan labule na ji Inna ta ce, “Na Malam ne ba su cika ba?” Haka take kiran Baba; muryarta ko ƙarfi babu. Baffa bai zage ni ba. Da ma ya zaga. Carbin Baba kawai ya ɗauko ya ajiye a cinyata, ya juya baya.

Na zauna ni kaɗai ina ja. Wajen ɗari biyu da wani abu hawaye suka ɓatar da ni, na koma farko. Na sake ɓata. Liman ya ce Allah ya ga niyya, ya isa haka, amma zuciyata ba ta yarda ba. Har yau kowace Juma'a ina jan ɗari huɗun nan, kuma ban taɓa tashi da tabbacin sun cika ba.

Yanzu ko goro aka miƙo mini aka ce in raba wa mutum uku, sai in ce a jira Liman.