Hoton Honorabul Sallau da Minista

Ko ka taɓa ganin wanda ya yi ƙaramin minista shekara uku, ya wayi gari yana jiran bas da lema a hannu? To, Honorabul Sallau ma bai taɓa gani ba sai da ya je Sikotland. Tsohon kansila ne a garinsu, yanzu kuma kujerar ciyaman yake hari, ga abokin takararsa ya cika gari da fastar hoton da ya ɗauka da wani babba a Abuja. Da ya je bikin kammala karatun 'yarsa Rumasa'u a Dundee, ta ce masa maƙwabcinta tsohon minista ne, sai ya ce shi ke nan, tsuntsu daga sama gasasshe. Hoto ɗaya da ministan Turai, daliget sun gama yanke shawara. Ya zuba babbar riga mai aska tara, ya kafa hula, ya tasa ta gaba ta yi masa tafinta.

A ƙofar gidan maƙwabcin suka tarar da wani dattijo a bakin titi cikin takalmin roba, riƙe da igiyar wani ƙaramin kare mai gashi buya-buya.

"Ki ce wa maigadin nan ya yi mana iso."

"Baba, ai shi ne. Mista Lachlan ke nan."

Sallau ya dube shi tun daga takalmi har sanƙo. "Ina motocin? Ina yaran? Tambaye shi dai, ko kama shi aka yi aka kwashe komai?"

Ta tambaya. Baturen ya yi dariya ya yi ta zuba bayani.

"Ya ce shekara goma sha biyu yana majalisa, uku yana ƙaramin ministan kamun kifi. Da ra'ayinsa ya saɓa da na shugabansu, sai ya ajiye."

"Ya ajiye me?"

"Muƙamin, Baba. Da kansa. Ya koma koyarwa a sakandaren da ya baro."

"Kuma danginsa suna gani, ba wanda ya kai shi a duba shi?"

Wannan Rumasa'u ba ta fassara ba. Ta ce Baturen ya yarda a yi hoton, ta ɗaga waya. Sallau ya gyara wuyan riga, ya matsa. Daidai nan karen ya tsuguna ya yi abin da ya fito yi. Tsohon minista ya ce a ɗan yi masa uzuri, ya zaro leda daga aljihu, ya durƙusa ya kwashe tas, ya ƙulle, ya dawo kusa da Sallau yana murmushi da ƙunshinsa a hannu.

"Baba, ku matso. In ɗauka?"

Sallau ya ja gefen rigarsa, ya ce, "Ki ce masa ya ɗan kauce, ki ɗauke ni da karen. A gidan nan dai shi na gani da mai bin bayansa."